Tun da aka yi mani aiki kwanciyar aure ta zama azaba

Salam Anti, dan Allah ki ɓoye sunana. Ni 'yar cikin garin Katsina ce, shekarata 27, haihuwata ta uku aka yi mani aiki saboda yaron ya zo a gicciye, wata biyar kenan yanzu. Ɗinki ya warke sumul, na yi arba'in gida na dawo ɗakina. Amma tun da na dawo duk sanda maigida ya neme ni sai in ji kamar ana zuba mani barkono a gaba, can cikin mara kuma ta gefen hagu kamar ana jan wani abu, bayan an gama marar ta riƙe har washegari da ƙyar nake duƙawa in yi shara. Na sha maganin sanyi na kemis har kala uku, ƙawata ta ba ni matsi, abin sai ƙaruwa ya yi. Ban gaya mashi ba, sai dai in ce kaina ke ciwo ko in yi kamar na yi barci, yanzu har ya fara cewa na daina son shi. Anti ko dai an ɓata mani wani abu ne a ciki?

Wa'alaikissalam ƙanwata. Barka da arziki tukuna, Allah ya raya yaro ya yi mashi albarka, ke kuma Allah ya ƙara sauƙi. Sunanki a ɓoye yake, kwantar da hankalinki.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe dan na san ita ke hana ki barci. A yadda kika kwatanta ban ga alamar an ɓata maki komi ba. Ban duba ki ba kam, kuma ba a duba mutum ta waya, amma abin da kika lissafo na sha jin irin shi a ɗakin awo cikin shekarun da na yi ina aikin ungozoma, sai dai mace ba ta faɗi tana zaune, sai ta miƙe ta gyara goyo ta saka hijabi ta kama ƙofa sannan ta juyo ta ce "Sista dama akwai wata 'yar magana". To wannan 'yar maganar ita ta fito da ita daga gida, rigakafin yaro rakiya ya yi.

Kinga ciwo uku kika kawo mani, kika ƙulle su a ƙulli guda kika sa masu suna sanyi. Zafin barkonon nan na bakin gaba daban, jan da kike ji can ciki daban, riƙewar mara bayan an gama ita ma da nata dalilin. In ba a kwance ƙullin ba haka za ki yi ta zuba kuɗi a kemis.

Zafin barkonon shi ya fi ɗaure ma mata kai. Za ki ce yaron nan ai ba ta nan ya biyo ba, ta ciki aka ciro shi, to mi ya haɗa gaba da zafi? Nono ne ya haɗa su. Lokacin shayarwa jiki na tara wani sinadari da ake kira furolaktin, shi ke kawo ruwan nono, shi kuma in ya hau sai ya danne istirojin, sinadarin da ke sa fatar cikin gaba ta yi kauri da laushi ta riƙa kawo ni'ima. In istirojin ya yi ƙasa wurin sai ya bushe fatar ta yi siriri, kamar dai leɓe a tsakiyar hunturun Katsina, ki yi dariya kaɗan ya tsage. Wadda ta haihu da kanta da wadda aka yi ma aiki duk yana samunsu. In kuma kina allurar tazarar haihuwa ta wata uku, ita ma ga wasu matan tana ƙara bushewar. Ba ki faɗa mani ko kina yi ba, amma ki faɗa ma likita. Kuma dan Allah kar ki yaye yaron wata biyar saboda wannan, yana gyaruwa da kanshi in al'ada ta dawo ko yaro ya fara cin abinci ya rage tsotso, kafin nan kuma akwai dabara.

Nan ne zan yi maki faɗa kan matsi. Haba ƙanwata! Wuri ya bushe yana tsagewa, sai a ɗauko abin da aikinshi kenan busarwa da tsukewa a cusa? Yawancin matsin da ke yawo a gidajen biki da waya, alif ne da bagaruwa da su miski da wasu garuka da mai haɗawar ma wani lokacin ba ta san sunansu ba. Ke da aka ciro yaronki ta ciki mi ya buɗe da za a matse? Na san ƙawarki da kyakkyawar niyya ta ba ki, haka muka taso, mace ta yi arba'in sai gyara, sai tsumi, sai matsi, duk dan kar maigida ya kalli waje. Ban hana ki gumba da kaza da kunun gyaɗa da 'ya'yan itatuwa ba, abin da za ki ci ki ƙoshi jego na son shi. Amma duk abin da za a ce ki cusa a gaba ki ajiye shi daga yau. Wurin nan yana da nashi ƙwayoyin halitta masu amfani da ke tsare shi, matsi da wanke ciki da sabulu ko Dettol suna kashe su, maganin kemis kala uku da kika sha shi ma yana kashe su, daga nan sai ainihin infekshan ɗin da kike gudu ya samu ƙofa, ki fara ganin farin abu guda-guda kamar kindirmo ga ƙaiƙayi, ki koma kemis a ce ai sanyin ne bai fita ba, a ƙaro wani. Mu dai komi sanyi. Ciwon mara sanyi, ciwon baya sanyi, rashin sha'awa sanyi. Akwai infekshan da gaske, har wanda ke hawa mahaifa ya sa ciwo can ciki, amma ana gane shi ne in an duba an ɗauki ruwan wurin da fitsari an auna.

Abin da zai taimake ki yanzu mai arha ne. Ki sa a sawo maki man saduwa wanda aka haɗa da ruwa, irin K-Y Jelly, manyan shagunan magani na cikin gari suna da shi, in kina jin nauyin faɗi rubuta a takarda ki miƙa, sun saba. A shafa da yawa, ke da shi duka, ba ɗan lakuce ba. Banda basilin, yana daɗewa a wurin yana tara datti kuma yana yaga kwaroron roba in da shi kuke tazara. Sai wasa, a ɗauki lokaci sosai kafin a je ga abin, jikin mai shayarwa ba ya amsawa da wuri kamar na amarya, balle ga gajiyar raino ga barcin da ba ya isa. In duk an yi haka zafin bai tafi ba, likitan mata na iya rubuta maki man istirojin na shafawa a wurin, shi kam sai likita, kar ki saya da kanki.

To sai na cikin mara. Mutane na kallon ɗinkin waje su ga ya warke su ce shikenan, alhali abin da ake gani shi ne mafi ƙanƙanta a aikin. Kafin a kai ga yaro sai an ratsa fata, kitse, wata farar jijiya mai ƙarfi da ke riƙe naman ciki, a buɗa naman, a yanka rufin da ya lulluɓe kayan ciki, sannan mahaifa ita kanta. Kowane da irin warkewar shi. Sati 6 da likitoci ke cewa a jira, wanda ya zo kusan daidai da arba'in ɗinmu, mafi ƙarancin lokaci ne, tabon ciki yana ci gaba da gyaruwa har shekara ko fiye. Ɗaukewar jinin biki tsarki ne na sallah da halaccin kusanta, har ma a mazhabarmu ta Malikiyya iyakar shi kwana 60 ne, amma ba shi ke nuna cikin mace ya gama haɗewa ba.

Wajen warkewar nan ne ake samun abin da ake kira mannewar kayan ciki. In kin taɓa gyaran kayan cikin rago ranar layya kin san farar yanar nan da ke riƙe hanji da juna, sai kin sa yatsa kin ɓalle ta. To jiki in an buɗe shi yakan saƙa irin wannan yanar inda da babu, ta liƙa mahaifa da bangon ciki, ko da mafitsara, ko hanji, ko wajen ƙwai. Kayan cikin da aka halitta su riƙa zamewa a kan juna sai su zama a ɗaure, in aka taɓa bakin mahaifa lokacin saduwa ta motsa sai ta ja abin da take manne da shi, shi ne jan da mata ke kwatantawa. Abu ne da ya yawaita sosai, a manyan ayyukan da ake buɗe ciki gaba ɗaya kusan mutum 9 cikin 10 na samun wani abu na mannewar, sai dai mafi yawa ba su ma san suna da ita ba dan ba ta damunsu. Ba wadda aka ciro ma yaro kaɗai ba, wadda aka cire ma ƙarin mahaifa ko afendis ko aka yi ma aikin cikin da ya zauna a wajen mahaifa duk haka ne. Kuma ki riƙe wannan: sikanin yawanci ba ya nuna ta. Mata da yawa sun biya kuɗin sikanin sau biyu sau uku an ce komi lafiya, suka koma gida suna zargin kansu ko suna zargin sammu, miji kuma ya ce kin ji ai likita ya ce lafiyarki lau. Hanyar da ake ganinta sosai ita ce laparoskofi, a huda ciki kaɗan a saka kyamara. Likitoci ba su gaggawar komawa su yanke ta, dan sabon aiki na iya haifar da sabuwar mannewa, sai in ciwon ya ƙi duk wata dabara.

Amma da kika ce gefen hagu, akwai abin da nake so ki gwada yau da daddare. Ki kwanta rigingine, ki sa kan yatsa ɗaya ki bi ɗinkin a hankali daga wannan ƙarshe zuwa wancan kina ɗan dannawa. In kika zo ƙarshen hagu kika ji wani wuri ɗan ƙarami da ya yi maki kamar shokin ɗin lantarki ko ƙuna har ya sauka matsematsi, wataƙila 'yar jijiya ce ɗinki ko tabo ya kama, akwai jijiyoyin da ke wucewa daidai ƙarshen yankan, kuma likita na iya yin allurar kashe zafi a daidai wurin ya tabbatar. In ƙullutu kika ji wanda ke kumbura ya yi ciwo duk lokacin al'ada, wannan ana kiran shi endometiriyosis na tabo, naman shimfiɗar mahaifa ne ya maƙale a wurin yankan, ana cire shi. In wurin na bullutsowa in kin yi tari ko kin ɗaga bokiti, ƙaba ce ta wurin ɗinki. In kuma ba ki ji komi a sama ba sai can ƙasa, to sikanin zai yi amfani dan a duba ko ƙullutun ruwa ne a wajen ƙwai. Rashin jin taɓi da ake samu a fatar saman ɗinki kamar ba jikinki ba, shi kam ba abin tsoro ba ne, yana ɗaukar watanni.

Tunda ɗinkin ya warke ba ruwa ba ƙurji, ki riƙa murza shi da yatsu minti biyar kullum da ɗan man kaɗanya, sama da ƙasa, gefe da gefe, ki ɗan ɗaga fatar. Mata da yawa tsoron taɓa wurin suke, wata ko kallon shi ba ta yi.

Riƙewar mara bayan an gama kuwa, sau da yawa naman ƙasan ƙugu ne. Jiki yana da wayo, yaron da ya taɓa ƙonewa da murhu ko hayaƙi ya gani sai ya janye hannu. Ke ma tun daren farko da kika ji zafi, da kin ji motsin maigida naman nan ya ɗaure tamau ba tare da kin sa shi ba, a shiga a haka zafi ya ninka, gobe tsoro ya ƙaru, shi kuma naman da ya kwana a ɗaure ya wayi gari yana ciwo kamar ƙafar da ta sha tafiya. Cije haƙora da haƙuri shi ke ciyar da wannan ciwon. Kuma kar ki bi masu cewa ki riƙa motsa jikin matse gaba, ke naki a matse yake, saki yake nema. Ki riƙa kwanciya ki ja numfashi har cikinki ya taso ki sake shi a hankali kina sakin ƙasanki kamar za ki yi fitsari, ki yi fitsari kafin saduwa da bayanta, ki ɗora tsumma mai ɗumi a mara in ta riƙe, ɗumi na ce ba ruwan jego mai tafasa da ganyen bedi ba. Farasitamol ba ya cutar da mai shayarwa. Tiramol da kodin kuwa ki nisance su, suna bi ta nono su kai ga yaro. Akwai masu gashin ƙashi na asibiti, 'yan fisiyo, da ke koya ma mata sakin wannan naman, ki tambaya a tura ki.

Yanzu maigida. Ƙanwata a nan ke ma kina da laifi, kar ki ji haushina. Bawan Allah nan bai san komi ba, abin da yake gani matarshi ta dawo daga wanka ta canza, kullum ciwon kai, kullum barci, kuma kin san zuciyar namiji da shaiɗan ba za su kawo mashi bushewar gaba da mannewar hanji ba, abin da za su kawo mashi shi ne ta daina so na. Na san abin da kike tsoro, kar ki faɗa ya ce kin zama mara lafiya ya fara maganar ƙaro aure. To shirun ya fi kusa da kai shi can. Na taɓa ganin wata da ta shekara tana ɓoyewa har magana ta kai gaban iyaye ana maganar yaji, ranar da mijin ya rako ta asibiti aka zaunar da shi aka yi mashi bayani, sai ya cire hula ya riƙe a hannu ya kasa kallonta, ya ce shi wallahi ya ɗauka wani take so. Ita kuma kuka kawai take.

Kar ki tada maganar a kan gado lokacin da ya riga ya zo da buƙata, ranar duk abin da kika ce uzuri zai ji. Ki bari da rana ko bayan ya ci abinci yara sun yi barci, ki ce mashi "Abban wane akwai abin da na ɓoye maka saboda kunya, tun da aka yi mani aiki in mun kwanta ciwo nake ji sosai, ba ƙin ka nake ba, ina so ka kai ni asibiti". Shikenan, ba sai kin yi doguwar huɗuba ba. In bakinki ba zai iya ba tura mashi wannan amsar a waya. Addini bai ce ki cutu ba, Annabi SAW ya ce ba cuta ba cutarwa, kuma Allah ya umarci maza su zauna da matansu da kyautatawa. Ku ɗan ajiye shigar na sati biyu ko uku wurin ya huta daga matsi, akwai sauran hanyoyin da ma'aurata ke jin daɗin juna na halal, kin fi ni sanin mijinki. In za a dawo, a zaɓi kwanciyar da nauyinshi ba zai sauka kan ɗinki ba kuma ke ce mai iko da zurfin, ko ta gefe ko ke a sama, kuma ku yi alƙawari da kin ce tsaya ya tsaya. In kin yi bayani, likita ya yi, amma ya ce shi bai san zance ba sai ya yi ko kina kuka, to wannan ba maganar mara ba ce kuma, ki samu babba a danginki ko nashi wanda yake jin nauyi.

Asibiti dai ba fashi. Ki fara da inda aka yi maki aikin tunda fayil ɗinki na can, ko ki je asibitin Turai Yar'adua, ko Janar, ko asibitin koyarwa na tarayya, ki ce likitan mata kike son gani. Ki rubuta a takarda tun daga gida: ina ne ke ciwo, a bakin ne ko a ciki, lokacin shiga ko bayan an gama, kwana nawa yake ɗauka, al'ada ta dawo ko ba ta dawo ba, sunayen magungunan da kika sha, har matsin ki faɗa kar ki ɓoye, ba wanda zai kama ki. In kin shiga kin ce "marata ke ciwo" kawai, ga layi a waje, maganin sanyi na huɗu za ki fito da shi. Kina da damar ki ce mace kike so ta duba ki, in babu a sa nas ta tsaya. Ki kuma tambaya wane irin yanka aka yi ma mahaifar, dan yaron da ya zo a gicciye wani lokacin sai an yanka ta a tsaye ko da na fata a kwance yake, kuma wannan ne zai nuna ko za a bar ki ki gwada naƙuda a haihuwa ta gaba.

Akwai alamun da ba a jiran ranar kilinik da su: zazzaɓi da ciwon mara, ruwa mai wari, jini bayan saduwa, ciki ya kumbura ga amai ba kashi ba tusa, ko matsanancin ciwo a gefe ɗaya da jiri musamman in akwai yiwuwar ciki ya shiga. Ko tsakar dare ne a tafi. In fitsari ne ke zuba ba ki iya riƙewa, ga asibitin Babbar Ruga nan kusa da mu, aikinsu kenan.

Maganar ciki ta tuna mani, kar ki dogara da cewa kina shayarwa ba kya ganin al'ada, wata shida na cika ko yaro ya fara shan koko wannan kariyar ta tafi. Mahaifar da aka ɗinke ana so ta huta wata 18 zuwa shekara 2 kafin wani cikin dan kar tabon ya buɗe, ku zauna da maigida ku zaɓi hanyar tazara, in allurar ce ke busar da ke akwai wasu.

Ki zubar da sauran matsin nan yau, ki gwada bin ɗinkin da yatsa, in kin ga likita ki rubuto mani in ji mi ya ce game da gefen hagun. A shafa mani kan yaro.